Barka da Sallah daga Tokyo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, Inna, barkanku da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Ina gaida Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da Kawu, da yaran gida baki ɗaya. Awa 8 muke gabanku, sa'ad da kuke haramar filin Idi mu nan la'asar ta kawo jiki.

Inna ta tambayi yadda ake Sallah a nan, Baba kuma ya ce in rubuto wa Auta abin da zai tarar idan takardun karatunsa sun fito. Bari in haɗa duka.

Ranar Sallah a Tokyo ranar aiki ce, sai mutum ya nemi hutu tun da wuri. Babban masallacinmu shi ne Tokyo Camii a unguwar Yoyogi-Uehara, ginin Turkawa da aka buɗe a 2000 a gurbin tsohon masallacin 1938. Jama'a kan yi yawa, 'yan Indonesiya da Pakistan da Bangladesh da mu baƙaƙen fata, shi ya sa masallatai da dama ke yin Idi fiye da sau ɗaya a safiyar. Ba a jin kiran salla a titi, waya ce ladan. Alƙibla kuma, Baba, ba gabas ba ce, yamma muke kallo mu ɗan karkata arewa. Rago kuwa babu ko tsakar gidan da za a ɗaure shi, don haka yawancinmu gida muke tura kuɗin layya.

Inna, kada ki ba Auta kilishi ko dambun nama ya taho da su. Na san zuciyarki, amma dokar Japan ta hana shigo da nama haka kawai, busasshe ko soyayye. Akwai karnuka masu shinshina jaka a filin jirgi, hukuncin kuma yana iya kai ɗaurin shekara 3 ko tarar yen miliyan 3. Ba zai yi yunwa ba. Shinkafarsu gajera ce mai danƙo, tana yin tuwo ba tare da wahalar tuƙi ba. Kuɓewa tana kowane kanti, okura suke ce mata. Suna da wani waken soya da ake ruɓarwa, natto, warinsa ɗan'uwan na daddawa ne. Naman halal yana shagunan da ke kusa da tashar Shin-Okubo, kantunan Gyomu Super kuma suna sayar da daskararren kaji na halal.

Inda ake yin kuskure shi ne abincin leda da na gidan abinci. Alade yana shiga wurin da ba a zato: romon taliyarsu ta ramen sau da yawa da ƙashinsa ake dafawa, kitsensa kan shiga burodi da biskit, alewa mai taushi kuma tana iya ɗauke da jelatin ɗinsa. Giyar girki mai suna mirin tana cikin miya da yawa, har da wadda ake zuba wa kifi. Auta ya haddace wannan alama, 豚, ita ce alade, ya riƙa duba bayan leda kafin ya biya. Da dare manyan kantuna suna liƙa wa kifi da dafaffen abinci takardar ragi, wani har rabin kuɗi.

Abin da ya fi haɗa baƙo da maƙwabta shi ne shara. Kowace unguwa tana da jadawalinta, ofishin ƙaramar hukuma ke bayarwa. Mai ƙonuwa, wato ragowar abinci da takarda mai datti, yawanci sau 2 a mako. Wadda ba ta ƙonuwa ranarta daban, gwangwani da kwalba su ma daban. Robar ruwa a cire murfinta, a ɓare takardar jikinta, a ɗauraye, a murƙushe. Da safe ake fitarwa kafin ƙarfe 8, ba da dare ba, a kuma rufe da raga, in ba haka ba hankaki ya yaga ledar ya watsa a titi. Wanda ya cakuɗa, masu kwasa za su liƙa wa ledar takarda su bar masa ita a wurin, kowa ya wuce ya gani. Babban kaya, wanda ya wuce santimita 30 kamar katifa ko kujera, sai an kira an ba da rana, an sayi tikiti a shago an manna masa. Kwandon shara ma da wuya a titi, mutum da ledarsa yake yawo har gida. Ni dai ina ganin wannan tsarin ya dace, shi ya sa kwata ba ta toshewa.

Jirgin ƙasa shi ne ƙafar kowa. Ya sayi katin Suica ko Pasmo, ajiyarsa yen 500, ya riƙa loda kuɗi a inji. Layin Yamanote zobe ne mai tasha 30, zagayensa kusan awa 1, in ya gane shi ya gane gari. A shiga layi, a bar masu sauka su fita, ba a amsa waya a ciki. Jiragen suna tsayawa bayan tsakar dare, wanda na ƙarshe ya wuce shi tasi za ta cinye masa kuɗin cefanen mako.

Kama ɗaki yana da nauyi. Bayan kuɗin wata akwai na ajiya, da na dillali, da na kamfanin da zai tsaya masa, wani wurin har da reikin, kyautar mai gida da ba a mayarwa. A haɗe yakan kai hayar wata 4 ko 5, Baba a yi lissafi da wannan. Ɗakin ƙarami ne, bangon kuma siriri, karatun asuba sai a sassauta murya. Wutarsu bolt 100 ce, dutsen guga da butar lantarki na gida ba za su yi zafin kirki ba, ya bar su.

Katin zama da za a ba shi a filin jirgi kada ya rabu da aljihunsa. Da ya sami masauki yana da kwana 14 ya yi rajistar adireshi a ofishin ƙaramar hukuma, a can kuma zai shiga inshorar lafiya, ya riƙa biyan kashi 30 cikin 100 a asibiti. Ɗalibi mai izinin aiki awa 28 yake da su a mako. Kada ya ƙara ko ɗaya, sabunta biza kan lalace a kan wannan.

Inna, girgizar ƙasa da kike tsoro, ƙanana suna zuwa jefi-jefi, gine-ginen kuma da saninta aka yi su. In mai ƙarfi ce waya takan yi ƙara daƙiƙu kaɗan kafin ta iso. A shiga ƙarƙashin tebur a kare kai, ba a ruga waje. Mitar gas tana kashe kanta, bayan an lafa a danna maɓallinta a jira minti 3. Lambar motar asibiti da 'yan kwana-kwana 119, ta 'yan sanda 110. Ki kwantar da hankalinki, ki ci gaba da yi mana addu'a.

A kai wa Gwaggo cinyar rago a madadina. Yaya, goron Sallar yara yana cikin abin da na turo, a raba musu kafin su fita yawon Sallah, a kuma ɗauko mini hoton Baba da sabuwar babbar rigarsa. Zan kira gobe da ƙarfe 2 na rana agogonku, a tara kowa.

Naku,
ɗanku da ke Tokyo