Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Legas kan ƙurar asbestos da leburori ke kaiwa gida

Mai girma Gwamna Babajide Sanwo-Olu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu 'yan arewa ne mazauna Legas, wasunmu ma'aikatan lafiya, wasu masu sana'ar gini. Buƙatarmu guda ce, kuma ba ta fi ƙarfin gwamnatinka ba: a hana tufafin aikin da suka sha ƙurar asbestos barin wurin aiki. Asbestos wani ma'adini ne mai zare-zare da ake haɗawa cikin kayan gini, shaƙar ƙurarsa kuma na jawo ciwon daji. Lebura ya san ya fita nema, ya ɗauki kasada da saninsa. Matar da ke wanke masa riga a Agege ko Idi-Araba da yaron da ke rungume shi in ya dawo ba su taɓa taka wurin rusau ba, amma suna shaƙar abin da ya shaƙa.

Tsofaffin gidajen Legas, musamman waɗanda aka gina daga shekarun 1960 zuwa 1990, cike suke da silin da rufi da bututun ruwa na siminti mai asbestos. A irin wannan allo, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 zaren asbestos ne, siminti ya riƙe shi. Muddin allon yana zaune lafiya, ba a fasa ba, ba a huda ba, haɗarinsa kaɗan ne, kuma ba ma kira a firgita jama'a su hau ɓalle silin ɗakunansu. Masifar tana tashi ranar da aka sa guduma ko injin yanka, ko aka jefo allon daga bene ya tarwatse. Zaren da ke fita ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsa, ba shi da wari, ba ya sa tari nan take. Yakan daɗe yana yawo a iska kafin ya kwanta, in ya kwanta kuma tsintsiya ɗaya ta isa ta sake tayar da shi.

Yadda yake shiga gida sananne ne. Lebura ya tashi aiki da ƙura a riga da wando da hula da gemu, ya hau motar haya ta danfo, ya shiga ɗaki ɗaya da ake kwana a ciki, ake ci a ciki, ya rataye rigar a ƙusa. Da safe uwargida ta ɗauko, abu na farko da kowace mai wanki take yi shi ne ta kakkaɓe, ta juye aljihu. Wannan kakkaɓewar ita ce mafi muni a duk lamarin, don ƙurar tana tashi daidai hancinta, goyon da ke bayanta ma yana samun rabonsa. Sai a haɗa kayan da na yara a baho ɗaya, a zubar da ruwan a tsakar gida, rana ta busar, a share da yamma. Wanki ma ba ya raba tufa da zaren gaba ɗaya. 'Yan cirani da ba su da iyali a nan suna kai wa masu wankau, ko su cusa kayan a jaka su tafi da su gida lokacin damina, ƙurar Legas ta sauka a ƙauyen Jigawa ko Sakkwato.

Akwai hanya ta biyu da ba a cika kula da ita ba, wato baraguzan kansu. Masu baro da 'yan bola suna kwashe fasassun alluna, a sayar da arha ko a bayar kyauta. Ana rufe makewayi da su, a yi murfin rijiya, a kewaye akurkin kaji, a cike ramin ƙofar gida inda babur zai yi ta niƙa su. Yara suna tsintar gutsuren su yi zane a ƙasa. Makanikai ma suna ciki: tsofaffin takalman birki da faifan kuloci da wasu gasket suna ɗauke da asbestos, kuma al'adar hura gangar birki da iskar kwamfuresa, ko da baki, tana tura ƙurar cikin tufafin maigida da yaransa baki ɗaya.

Duniya ta daɗe da sanin wannan. A 1960 likitoci a Afirka ta Kudu suka danganta asbestos da mesotiliyoma, ciwon dajin tantanin da ke lulluɓe da huhu, kuma cikin marasa lafiyar akwai waɗanda zama kusa da wuraren haƙar asbestos kawai suka yi. A 1965 wani bincike a Landan ya gano ciwon a jikin mutanen da laifinsu kawai zama gida ɗaya da ma'aikacin masana'antar asbestos, har da mata masu wanke kayan aikin mazajensu. Ban da shi akwai ciwon dajin huhu da na maƙogwaro da na ƙwan mace, da ƙandarewar huhu da ke sa numfashi ya gagara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk nau'o'in asbestos, har da farin da ake cewa mai sauƙi ne, suna jawo ciwon daji, kuma ta ƙiyasta mutuwar fiye da mutum 200,000 a shekara sanadinsa a wuraren aiki. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008.

Abin da ke ɓoye matsalar a ƙasarmu jinkirin ciwon ne. Mesotiliyoma yakan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ya bayyana. Yarinyar da ta shaƙa tana 'yar biyar za ta iya zuwa asibiti tana da jikoki, da ruwa a ƙirji da rama da haki, kuma abin da kowa zai fara zato tarin fuka ne. Ba wanda zai tambaye ta sana'ar mahaifinta. Namijin da ke shan taba kuwa haɗarin dajin huhunsa yana ninkuwa in ya haɗu da asbestos.

Mai girma Gwamna, ga abin da muke roƙo. Kada a ba da izinin rushe tsohon gini ko sake masa rufi sai an duba ko akwai asbestos. Ido ba ya bambanta tsohon allo da sabon da ba shi da shi, sai ɗakin gwaji. Inda ba a gwada ba, a ɗauka akwai. Hukumar LASBCA, da ke rushe gine-ginen da suka lalace, ita ya kamata ta fara nuna misali, don katafila in ta afka wa rufin asbestos unguwa guda ce ke shaƙa. A cire allunan da hannu tukuna. Aikin ba wuya gare shi ba: a jiƙa allo da ruwa mai ɗan sabulu, da feshi mai laushi, ban da ruwa mai ƙarfi da ke kankare siminti, a kwance ƙusa ko a yanke kanta, a sauko da allon ɗungurungum, a ɗora kan leda mai kauri, mikron 200 ko fiye, a naɗe ninki biyu, a liƙe, a rubuta gargaɗi. Ban da injin yanka, ban da shara a bushe. Abin da ya zuba a goge da jiƙaƙƙen tsumma, tsumman ma ya bi sharar.

Maganar tufafi ita ce zuciyar wasiƙar nan. Yarjejeniya ta 162 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1986, ta faɗa ƙarara cewa wanda ya ɗauki ma'aikaci ne zai ba da tufafin aiki, shi zai tsabtace su, kuma an hana ma'aikaci tafiya da su gida. Muna so Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Jihar Legas ta mai da wannan sharaɗi a kan kowane ɗan kwangila: rigar aiki mai haɗe da hula wadda ake yarwa bayan amfani, takalmin roba mara igiya da za a iya wankewa, takunkumi mai lamba FFP3 ko P100, da ruwa da sabulu a wurin. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci da takunkumin asibiti ba sa tare wannan zaren, kwantar da hankali kawai suke yi. Tsarin cirewa ma yana da muhimmanci, kuma nan ake yawan kuskure saboda zafi: mutum ya gaji, abin da yake fara fizgewa shi ne takunkumi. Daidai shi ne a goge rigar da jiƙaƙƙen tsumma, a tuɓe ta ana juya cikinta waje, a sa a leda, a wanke takalmi, sannan takunkumi ya fita a ƙarshe. Kayan gida su zauna cikin leda a ɗaure, nesa da wurin ƙura. Gemu yana hana takunkumi kama fuska, kuma da yawa daga cikin mutanenmu masu gemu ne don addini. Maimakon a tilasta aski, a ba mai gemu aikin da ba na taɓa allo ba, ko a samar da takunkumi mai hular da ke rufe kai duka.

'Yan kwangila za su ce tsada. Kuɗin riga da takunkumi na 'yan kwanakin cire rufi bai kai komai ba a kan kuɗin ginin da za a dasa a filin. Lebura na yini ba shi da bakin da zai nema, in ya yi magana akwai goma a bakin titi masu jiran gurbinsa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ma'aikaci ta sani, ba ta san matar da ta kamu a bakin baho ba.

Hukumar kwashe shara ta LAWMA da hukumar kare muhalli ta LASEPA su ware rami na musamman da za a binne wannan shara a rufe da ƙasa nan take, kada ta gauraya da sauran bola a babban jujin Olusosun inda masu tsince-tsince za su sake fito da ita kasuwa. A asibitocin koyarwa na LUTH da LASUTH da manyan asibitocin jiha, a ƙara tambaya ɗaya a katin mai ciwon ƙirji: wace sana'a mijinki ko mahaifinki ya yi, wa ke wanke kayansa? A riƙa ajiye amsoshin.

Wayar da kai kuma a yi ta da harshen da leburan ke ji. Sarakunan Hausawa na Agege da Mile 12 da Alaba Rago, da limaman Juma'a, da shugabannin 'yan bola a Owode Onirin, da ƙungiyoyin makanikai na Ladipo, sun fi kowace takardar Turanci saurin isar da saƙo. Kafin doka ta fito, a gaya wa matan gida: kayan da suka dawo fari fat daga rusau kada a kakkaɓe, kada a shigar ɗaki, a jiƙa su a waje tun suna cikin leda, in da hali a ɗaure a yar, kada a haɗa su da kayan yara, kuma maigida ya yi wanka kafin ya ɗauki jariri. A shirye muke mu fassara duk takardar da ma'aikatunka za su fitar zuwa Hausa, mu kuma zagaya da jami'anku unguwannin nan.

Allah ya taimaki Gwamna.

Naka,
Wasu ma'aikatan lafiya da masu sana'ar gini 'yan arewa mazauna Legas