Sanarwa kan tallar gasar sarauniyar kyau

Assalamu alaikum iyaye da ƴan uwa. Don Allah a daina turo tallar gasar sarauniyar kyau ta ƴan mata cikin rukunin nan. Fom ɗin yana neman hoton yarinya a tsaye, tsayinta da lambar wayarta, amma babu wurin sa hannun iyaye. Wannan ne ya tayar mini da hankali. Yarinya ƴar shekara 14 ina ta san hannun da hotonta zai faɗa? Ko Faransa, tun 2014 ta haramta irin wannan gasa ga ƴan ƙasa da shekara 13.

Duk wanda ƴarsa ta riga ta cike fom ɗin, ya zaunar da ita cikin lalama, ban da faɗa, sannan ya neme ni ta gefe.