Zuwa ga Jagaban Ayari: Dalilin da Ya Sa Na Sallami Maroƙi Na Bar Ɗan Fashi

Assalamu alaikum, ƙanena Jagaba.

Da sunanka na wasa zan kira ka, tunda da shi ka tare ni a gaban jama'a ranar Lahadi da daddare. Ga abin da ka rubuta a babban zaure: "Yaya Madugu, mun jefa ƙuri'a mun ce a kori Ɗan Fashi, ka ƙi. Maroƙi kuwa da kowa ke so, ka cire shi ba ka shawarci kowa ba. To in ra'ayinmu ba shi da amfani, me ya sa kake tambayarmu?" Na ga yawan waɗanda suka ɗaga maka babban yatsa. Har na fara rubuta amsa a daren, sai uwargida ta ce in kife wayar in kwana tukuna. Allah Ya saka mata, don da na aika abin da na fara rubutawa, da yanzu ko gaisawa ba ma yi.

Na san za a tura wasiƙar nan ga waɗanda ba su san mu ba, don haka bari in yi musu bayani a gurguje. Wasan kwaikwayo muke yi a rubuce, a Telegram. Ayarin fatake ne ya tashi daga Kano a zamanin da ake ciniki da wuri, jakuna ɗauke da kanwa da turkudin Kura da jar fata, zai nufi Gwanja sayen goro, ta Jega da Yawuri da ƙasar Bargu har Salaga, wadda ke cikin Ghana a yau. Kowa da rawar da yake takawa: akwai jagaba, uban dawaki, malamin ayari, mai tuwo, maƙeri, maroƙi, har da ɓarayin hanya. Ni ne madugu, ni nake buɗe labari, ni nake raba gardama. In aka zo kan abin da ba a san yadda zai ƙare ba, sai a jefa ɗan lidon nan na Telegram mai ido ɗaya zuwa shida, wanda babu mai iya juya abin da zai nuna, har ni. Ko sisi ba a zubawa.

Bari in fara da Ɗan Fashi, don a kansa kuka fi gaskiya.

Koken da kuka kawo na gaske ne. Mutum ya yi mako uku yana tara haja, ya yi ciniki a zango, ya biya kuɗin fito, ya kwanta da jakuna shida, ya tashi da asuba ya buɗe data ya tarar an kore su duka tun ƙarfe biyun dare. Ni ma da ni ne zan ji zafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma sanin wurin yoyo bai mai da mutum magini ba. Ku kun nuna mini inda ruwa ke zuba, sannan kuka ce maganinsa a rushe ɗakin, a nan muka rabu.

Na nemi yaron. Mun haɗu wurin wani mai shayi a Zoo Road bayan magariba, ya zo da garin fulawa a gefen kunnensa bai ma sani ba. A wani gidan biredi yake aikin dare. Lokacin da ƙullu ke tashi, tsakanin ƙarfe ɗaya da uku, shi ne kaɗai sararinsa, kuma a lokacin ne garaɓasar datar dare ke aiki. Ya buɗe wayarsa mai fasasshen gilashi ya nuna mini taswirar da ya zana da biro a bayan kwalin yis ya ɗauka a hoto: ga kogi, ga inda ayari ke yada zango, ga kurmin da yake ɓuya. Ya ce, "Yaya, wace doka na karya?" Na duba, na sake dubawa. Babu. Dokar da ta halatta kai hari a kowane lokaci ni na rubuta ta da hannuna, ban yi tunanin a garin nan wani wayarsa na wurin mai caji ba, wani sabis ya ɗauke masa, wata kuma ƙarfe goma in ta yi ba ta sake taɓa waya sai gari ya waye.

Ashe ba fashin ne ke muku ciwo ba. Abin da ke muku ciwo shi ne a ci mutum ba ya nan, bai jefa ɗan lido ya kare kansa ba. Shi ya sa na gyara dokar na bar mutumin: babu hari sai tsakanin bayan isha'i da sha ɗayan dare, kuma sai mai kaya ya amsa cewa yana kusa. Shi kuma an ba shi damar ya ɗana tarkonsa da tsakar dare, in ya so a warware washegari a gaban kowa.

Ka tuna makon da ya yi zazzaɓi bai shigo ba? Ayari ya bi hanya lafiya lau, kwana biyar babu abin da ya faru sai cinikin kanwa, zaure ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Kai da kanka ka rubuta, "Wai ina mutumin nan ne?" Richard Bartle, wanda shi da Roy Trubshaw suka ƙirƙiri MUD, wani wasan kwamfuta da mutane da yawa ke yi tare a rubuce, a Jami'ar Essex ta Ingila tun 1978, ya kasa 'yan irin wannan wasa gida huɗu a wani rubutu da ya yi a 1996: masu son tara nasara, masu son leƙa kowane lungu, masu son hira da zumunci, da masu son gwada ƙarfi a kan wasu. Abin da ya lura da shi shi ne kowane gida na rayuwa ne da sauran. Masu gwada ƙarfi in sun yi yawa sai su kore masu hira, in kuma babu su sam, nasarar mai tarawa ba ta da gishiri. Ayarinmu ɗan fashi ɗaya gare shi mai ƙwazo. In na kore shi, wa za ka yi wa jagaba?

Laifina a nan shi ne buɗe ƙuri'ar tun farko. Raina ya ɓaci da yawan ƙorafi, na ce bari in jefa muku ƙwallon in huta. Ban kyauta masa ba, don na tsayar da shi a tsakiyar kasuwa ana nuna shi da yatsa alhali bai yi laifi ba. Ku ma ban kyauta muku ba, don na tambaye ku abin da na san ba zan iya zartarwa ba. Wannan na karɓa, kuma na ba shi haƙuri tun a wurin mai shayin.

Sai Maroƙi.

Ba sai ka gaya mini ana son sa ba. Ni ne na fi kowa dariya ranar da ya yi wa Uban Dawaki zambo kan dokinsa mai tari. A duk zauren babu mai Hausarsa. Amma akwai abin da ba ku gani ba, kuma mai abin ta yarje mini in faɗi iya wannan, ban da sunanta. Ɗaya daga cikin matan ayari ta aiko mini da saƙon murya wani dare. Daƙiƙa goma sha na farko babu magana, sai ƙarar fanka da numfashinta. Sannan ta ce, "Malam, baitin nan da kowa ke wa dariya, ba da mai jaki yake ba, da ni yake." Ya san ta a waje. Ya san unguwarsu, ya san halin da aurenta ya shiga, sai ya riƙa saƙa waɗannan a cikin zambo ta yadda ku za ku ji waƙa, ita kuma ta ji wuƙa. Kar ka wahalar da kanka komawa sama nema, na goge su. Na yi masa magana a keɓe har sau biyu. Amsarsa ɗaya ce: "Ai wasa ne, Maroƙi ne ya faɗa ba ni ba." Bayan gargaɗi na biyu ya bi ta akwatinta yana tambayar dalilin da ya sa ta kai ƙararsa. A daren na cire shi.

Na san abin da za ka ce, don wani ya riga ka: ai mu Hausawa mun gaji wasan tsokana. Haka ne. Bakano da Bazazzagi, Bafillace da Babarbare, taubasai, jika da kaka, har Nalako da gwagwarensa in azumi ya kai goma aka fara tashe. Amma duba yadda kakanninmu suka tsara shi. Kowa ya san abokin wasansa, kowa yana da bakin ramawa, akwai lokacinsa, akwai kuma inda ba a zuwa. Bazazzagi zai ce maka bawansa ne kai, ka rama, a tafa. Ba zai tsaya a bainar jama'a ya tona abin da ya faru a ɗakin ƙanwarka ya ce barkwanci ne ba. Haka a kalankuwa, saurayin da aka naɗa alƙali yana iya cin tarar kowa a dandali, amma in an watse ba ya bin mutum gida karɓar bashi. Ɗan Fashi jakunan ƙarya ya sata daga fataken ƙarya. Maroƙi kuwa ya zura hannu ta bayan labule ya mintsini mutum mai rai. Ka kuma tuna abin da ya sa muka baro WhatsApp: a can duk wanda ke zaure yana ganin lambar kowa, matan suka ce ba za su zauna a haka ba. Alkawari muka yi musu cewa abin da ke waje zai tsaya a waje.

To me ya hana in kawo shi ƙuri'a? In zan kawo, dole in baje hujja, hujjar kuwa ita ce sirrin da nake ƙoƙarin rufewa. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya: da an jefa, da ya ci. Mai ban dariya ba ya faɗuwa zaɓe a gaban waɗanda yake ba dariya. Da sai ta tattara ta fita shiru, kamar yadda wasu biyu suka fita bara ba su ce uffan ba, sai daga baya na gane abin da ya kore su. Wannan shi ne ɓangaren aikin da ya fi ba ni tsoro. Masu ƙorafi da ƙarfi ina jin su ko ban so ba. Wanda aka cuta da gaske sau da yawa ba ya magana, sai dai ka ga an rubuta wane ya fita.

Ba mu muka fara shiga wannan ruɗani ba. Akwai wani tsohon dandalin wasa a rubuce mai suna LambdaMOO, wanda Pavel Curtis ya kafa a Amurka a 1990. A 1993 wani ɗan wasa ya yi amfani da wata dabara ya riƙa rubuta ayyukan batsa da sunan wasu 'yan wasa ba da yardarsu ba. Aka yi ta muhawara kan ko abin da aka yi da rubutu kawai laifi ne, har dai ɗaya daga cikin masu riƙe da dandalin ya share shi. Bayan haka suka kafa tsarin koke da ƙuri'a don jama'a su mulki kansu. Zuwa 1996 masu dandalin suka dawo suka karɓi ikon yanke hukunci, don ƙuri'a ta kasa ɗaukar komai. Wasan Old School RuneScape kuma, da aka buɗe a 2013, ya yi suna wajen jin ra'ayin 'yan wasa: a farkonsa sabon abu ba ya shiga sai kashi 75 cikin ɗari sun amince. Duk da haka ba sa kawo korar mai laifi gaban ƙuri'a. Hanyar da ayari zai bi, nawa za a sayar da ƙwaryar goro, ko a ƙara dare ɗaya a mako, waɗannan naku ne, kuma abin da kuka zaɓa shi za a yi ko da ni ban so ba. Kun tuna na so mu bi ta Katsina kuka ƙi, na bi ku. Amma mutuncin ɗan wasa ba na sa shi a faifai.

Inda ka kama ni dumu-dumu shi ne shirun da na yi. Kun wayi gari babu Maroƙi, babu bayani, ga kuma wanda kuka ce a kora yana nan yana wasa wuƙarsa. Duk mai hankali zai zargi son kai. Na ɗauka shiru zai kare yarinyar, ashe ya buɗe ƙofar zato ne, har wasu suka fara cewa tsakanina da shi akwai wata a ƙasa. Ya kamata tun a daren in rubuta layi biyu: an cire wane saboda ya karya dokar shigo da rayuwar waje cikin wasa, bayan gargaɗi biyu, kuma ba za a faɗi wanda abin ya shafa ba. Daga yau haka za a riƙa yi. Ba kuma ni kaɗai zan riƙa yanke irin wannan ba. Malamin Ayari da Mai Tuwo sun yarda su zauna da ni mu zama uku, don mace ta sami macen da za ta kai wa kuka, kuma don in ni ne na yi ba daidai ba a sami wanda za a kai ƙarata wurinsa. Duk koken da aka kawo za a amsa shi cikin kwana uku, ko da amsar "mun ji, ba za mu yi ba, ga dalili" ce. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, na yarda, amma ku ma in na ce a'a kar a mai da shi raini.

Game da dawowarsa, tunda na san ita ce tambayar da ke ƙarƙashin tambayarka: ƙofa ba a kulle take da kwaɗo ba, amma mabuɗin ba a hannuna yake ba, ba kuma a hannun masu rinjaye ba. Sai ya nemi afuwar wadda ya ɓata wa ta hannun Mai Tuwo, sai kuma ita ta ce za ta iya zama zaure ɗaya da shi. Har yanzu bai nema ba.

Daren Juma'a za mu haye Kwara a Yawuri. Masu fito sun ce ruwa ya ƙaru, kuma ka san wanda ke jiran mu a tsallake. Kai ne a gaba, don haka ka kai wayarka caji da wuri.

Naka,
Madugu
Kano