Ina cikin takaba, ƙanin mijina yana neman karɓe gidan da muke ciki

Assalamu alaikum Hajiya. Daga Asawase nake rubuto miki, a nan Kumasi. Yau kwana 52 da rasuwar maigidana, ina cikin takaba, ko ƙofar gida ban leƙa ba. Jiya bayan la'asar ƙaninsa ya shigo, ko zama bai yi ba, ya ce in miƙo katin haya da rasitai, wai zai je ofis a mayar da gidan sunansa.

Gidan na gwamnati ne, cikin tsofaffin nan da aka gina tun zamanin Turawa. Shekara 23 ina cikinsa, a nan na haifi 'ya'yana huɗu. Lokacin da rufin ya fara yoyo, da kuɗin koko da ƙosan da nake sayarwa a hanyar Aboabo aka sauya kwano. Ƙanen kuwa yana can Nima a birnin Accra abinsa, duk jinyar yayansa sau ɗaya ya leƙo asibiti, hannu rabbana. Gaskiya na ɗaga masa murya a gaban baƙi, kuma na ɓoye katin. Amma Hajiya, wace uwa ce za ta miƙa? Tun daga nan surukata ko gaisuwata ba ta amsawa.

Na manta ban gaya miki ba, sunan mahaifinsu ne a katin. Da tsohon ya rasu maigidana bai sauya ba, haya kawai ya ci gaba da biya. Da wannan ƙanen yake kafa hujja, wai gidan ubansa ne. Limaminmu ya ce abin da ba mallakar mamaci ba ba ya shiga rabon gado. Babban ɗana kuma ya ce dokar gado ta 1985, mai lamba 111, ta hana korar matar mamaci da 'ya'yansa, sai dai in gidan na gwamnati ne kariyar ta wata uku ce kawai. Takabata wata huɗu ce da kwana goma. A ina zan ƙarasa sauran kwanakin?

Tsorona kada ya riga ni zuwa ofishin. Ya halatta in fita da kaina ina cikin takaba, ko in tura yaron? Ko in fara kai maganar gaban Sarkin Zango? Kuma in na kai, ba za a ce na tona asirin gidan mijina tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba?

'Yar'uwarki a Asawase