Hakin Wuyan Yara: Asibitin Gwamnati Ko Na Kuɗi?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai albarka domin in yi magana da iyaye 'yan uwana a kan wani abu da ya hana gidana barci tsawon watanni, wato kumburin tsokokin nan biyu da ke gefen maƙogwaro, waɗanda likitoci ke kira tonsil, mu kuma idan sun kumbura mu ce yaro na da hakin wuya. Ni ba likita ba ne. Uba ne kawai da ya bi layin asibitin gwamnati, ya kuma zauna a kujerar asibitin kuɗi, duk a kan yarinya ɗaya 'yar shekara biyar.

Duk wanda na yi shawara da shi tambaya ɗaya yake fara yi mini: gwamnati za ka kai ta ko na kuɗi? Daga nan sai kowa ya kama ɓangarensa. Wani ya ce na gwamnati sai mai haƙurin jira, wani ya ce na kuɗi da ganin aljihunka za a rubuta maka tiyata. Ni abin da na gani shi ne an dunƙule abubuwa da yawa cikin tambaya guda. Ganin ƙwararre daban ne, yanke hukuncin a yi aikin cire tsokokin ko a bari daban ne, aikin kansa daban, kwanakin da ke bayansa kuma daban. Ba dole ne a yi su duka a ƙarƙashin rufi ɗaya ba, kuma inda ya fi kyau ga na farko ba lallai ne ya fi kyau ga na uku ba.

Yarinyar nan ba ciwon wuya ke damun ta ba. Barci ne. Tana minshari kamar babban mutum, baki a buɗe, matashi ya jiƙe da miyau, wuyanta a tanƙware baya. Can sai ka ji ɗif, ƙirji na ta motsi amma iska ba ta shiga, sai ta zabura ta ja numfashi da ƙarfi ta juya. Fitsarin kwance da ta daina ya dawo. Da rana kuma ba ta zama wuri ɗaya, ga saurin fushi, har malamarta ta fara ƙorafi. Uwarta ce ta fara haɗa waɗannan abubuwa wuri guda. Likitan da muka fara gani a asibitin gwamnati ya haska bakinta, ya ce tsokokin sun kusa haɗewa a tsakiya, ya rubuta mana takardar zuwa wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Ranar da aka ba mu tana can gaba da watanni.

Shi ya sa muka nufi asibitin kuɗi, kuma ba na da-na-sanin abin da na biya a ganin likita. Cikin mako aka ba mu lokaci. Mutumin ya zauna ya saurare mu, ya duba kunne da hanci, ya yi mana bayanin cewa akwai wata tsoka ta uku a bayan hanci, adinoyid, wadda ba a ganinta ta baki, kuma sau da yawa tare suke girma. Ya ce girman da ido ke gani suna auna shi ne daga 0 zuwa 4, gwargwadon yadda ya tare hanya, na huɗu shi ne wanda ya rufe fiye da kashi 75 cikin ɗari. Amma ya ƙara da maganar da ta fi komai amfani a wurina: girma shi kaɗai ba ya sa a yi aiki. Tsokokin nan kan yi girma a ƙananan yara, su ja baya da kansu idan an tasam ma balaga. Yaro mai manyan tonsil da ke barci lafiya, yana ci yana girma, a bar shi.

Manyan dalilai biyu ne ke kai yaro tiyata, kuma ya kamata kowane uba ya san su kafin ya shiga ofishin kowane likita. Na ɗaya shi ne toshewar numfashi a barci, irin na ɗiyata. Na biyu shi ne ciwon maƙogwaro mai yawan dawowa, shi kuma yana da ma'auni da aka sani tun binciken da Dakta Jack Paradise ya wallafa a Amurka a 1984: sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 a kowace shekara har shekara biyu a jere, ko sau 3 a kowace shekara har shekara uku. Kuma ba kowane kaikayin wuya ake ƙirgawa ba, sai wanda ya zo da wata alama kamar zazzaɓin da ya haura digiri 38.3 a ma'aunin Celsius ko kaluluwa a wuya ko farin ruɓa a kan tsokar, aka kuma rubuta shi a katin asibiti. Wannan rubutun ne ke kayar da iyaye da yawa. Uwa ta san ɗanta ya sha fama, amma duk a kantin magani aka yi ta sayen magani, babu inda aka rubuta, sai likita ya rasa hujjar da zai dogara da ita. Mai yaro irin wannan ya nemi littafi ya riƙa rubuta rana da zafin jiki da maganin da aka ba shi.

Da likitan asibitin kuɗin ya ce ɗiyata na bukatar aiki, kuma za a iya yi mako mai zuwa, sai na ji daɗi na kuma ji tsoro. Ba zargin mutumin nake yi ba. Amma wanda zai ba ka shawarar a yi aiki, shi ne kuma za a biya idan an yi, ko waliyyi ne yana da kyau ka ji bakin wani. Tarihin wannan tiyata ma ya isa ya sa mutum ya yi hattara. A 1934 an yi wani bincike a birnin Niyok kan yara 1,000 'yan shekara 11. An tarar an riga an cire wa 611 tonsil. Sauran 389 aka kai wa likitoci, suka ce a cire wa kusan rabi. Waɗanda aka ce lafiyarsu ƙalau aka kai wa wasu likitocin, su ma suka zaɓi kusan rabi, aka sake yi karo na uku, haka dai. A ƙarshe yara 65 kaɗai suka tsira ba wanda ya ce a yanka su. A 1938 kuma Dakta Glover a Ingila ya nuna cewa 'ya'yan masu hali sun fi 'ya'yan talakawa shan wannan aiki nesa ba kusa ba, alhali ba su fi su ciwo ba. Yau an samu ƙa'idoji, abin ya ragu sosai, amma har yanzu hukunci ne na ɗan Adam.

Kada kuma wani ya ɗauki wannan ya ce to a yi ta jira. A 2013 an wallafa wani bincike a Amurka kan yara 464 masu shekara 5 zuwa 9 da ke da toshewar numfashi a barci. An yi wa rabi aiki da wuri, aka sa wa rabi ido na wata 7. A cikin waɗanda aka yi wa aiki, kashi 79 cikin ɗari awon barcinsu ya daidaita, halayensu da jin daɗinsu ma suka gyaru. A cikin waɗanda aka jira, kashi 46 suka daidaita ba tare da wuƙa ba. Ni abin da na fahimta shi ne, jiran 'yan watanni ga yaron da nasa bai yi tsanani ba ba halaka ba ne, kusan rabi ma sukan warware. Sai dai ba a sa yaran da iskar jininsu ke faɗuwa ƙwarai cikin binciken ba. Irin waɗannan, da wanda ya daina ƙara nauyi, da wanda leɓensa ke sauya launi da dare, ba na layin watanni ba ne. Haka wanda gefe ɗaya kawai ya kumbura yana ta ƙaruwa, ko wanda ya kasa buɗe baki da haɗiyar miyau, wannan a ranar ake kai shi.

Kafin in sa hannu sai na yi tambayoyin da wata ma'aikaciyar jinya 'yar uwar matata ta koya mini. Wa zai sa ta barci, kuma ya saba sa wa ƙananan yara? Za ta kwana a nan, in kuwa za ta kwana wa ke lura da numfashinta? Idan jini ya ɓalle da tsakar dare bayan mako guda, wa zan tarar? A nan amsoshin suka fara rawa. Likitan sa barci daga waje ake kiransa, yana gamawa ya tafi. Da dare nas ce kaɗai, likita sai an buga masa waya. Babu ma'ajiyar jini, babu ɗakin kulawa ta musamman na yara. Idan abu ya rikice, in ji mai karɓar baƙi cikin ladabi, sai su tura mu babban asibitin gwamnati. Wato inda na gudo.

Malam Edita, wannan shi ne abin da iyaye ba sa tambaya, domin hankalinmu na kan ranar aiki. Aikin kansa gajere ne, yawanci bai kai awa ɗaya ba. Haɗarin yana wurare biyu: daren farko, inda yaron da dama numfashinsa ke toshewa zai iya samun matsala bayan maganin barci, shi ya sa ake kwantar da 'yan ƙasa da shekara 3 da masu tsananin ciwon, sai kuma tsakanin kwana na 5 zuwa na 10, lokacin da ɓawon miki ke faɗuwa, jini kan iya zuba. Yara kaɗan ne cikin ɗari ke samun haka, amma idan ya zo ba ya jiran gari ya waye. Yaro mai sikila ko mai ƙiba sosai ko mai matsalar daskarewar jini kuwa, shirinsa na musamman ne tun kafin a shiga. Akwai asibitocin kuɗi manya da ke da duk waɗannan kayan aiki, mai hali ya je, ba laifi. Wanda na je ne ba shi da su, kuma kuɗin da aka faɗa mini da farko ma ashe ban da na likitan barci da na gado da na dawowa.

Muka koma gwamnati, amma ba hannu rabbana ba. Likitan kuɗin, Allah ya saka masa, ya rubuta mana cikakken rahoto, uwar kuma ta ɗauki bidiyon yarinyar tana barci da waya, rigar a ɗage yadda za a ga ƙirji na lotsawa, da sautin tsayawar numfashin. Yaro a gaban likita da rana idonsa biyu, yana wasa, ba abin da zai nuna. Bidiyon minti biyu ya yi abin da bakina ya kasa. Da ƙaramin likitan sashen ya kalla, ya shiga da wayar wurin babbansu, aka matso da ranarmu.

Ba zan yi wa asibitin gwamnati kwalliya ba. Kowane zuwa sabuwar fuska, ka sake labari daga farko. Fayil ya ɓace ya dawo. An taɓa sa mu hana yarinya abinci tun dare, muka zauna har azahar, sannan aka ce an samu aikin gaggawa, a dawo wani makon. Wanda bai taɓa rarrashin ɗan shekara biyar mai jin yunwa a barandar asibiti ba, ba zai gane ba. Amma ranar da aka yi aikin, likitan sa barci na yara ne ya karɓe ta, ta kwana da na'urar awon iska a yatsa, kuma da aka sallame mu an nuna mini ƙofar da zan shigo ko ƙarfe nawa ne idan na ga jini. An ce a ba ta farasitamol da ibufurofen a kan lokaci, ta yi ta shan ruwa, ban da asfirin, ban da duk wani magani mai kodin. Kodin ɗin nan tun 2013 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi kakkausan gargaɗi a kan ba wa yara shi bayan wannan aiki, saboda an rasa rayuka. Mako biyu ta warke. Minsharin ya tafi.

Ina da roƙo ga ɓangarori uku. Likitocin da ke tura yara wajen ƙwararru su daina rubuta layi ɗaya, su faɗi ko numfashi na tsayawa, ko nauyin yaro ya tsaya, domin da wannan takarda ake tantance wa zai riga wa. Asibitocin gwamnati su ware yaran da ke shaƙewa a barci daga layin kowa da kowa, su kuma riƙa sanar da iyaye da wuri idan za a ɗaga aiki. Asibitocin kuɗi su ba iyaye lissafi a rubuce, komai da komai, su kuma faɗi gaskiya tun farko a kan abin da ba su da shi da dare.

Ku kuma, Malam Edita, da za ku gayyato likitan kunne, hanci da maƙogwaro a shafinku na lafiya, ina so a tambaye shi game da aikin da ake rage tsokar kawai maimakon a cire ta duka. An ce mini ya fi sauƙin ciwo da zubar jini, amma tsokar kan iya sake tsirowa a wasu yaran. Ɗan maƙwabcina mai shekara uku yana kan layi yanzu, kuma iyayensa na son su san ko su nemi wannan.

Wassalam.

Naku,
Wani mahaifi, mai karanta jaridarku