Wasiƙa zuwa ga Malam Habu kan yaran da za ku ɗauki nauyinsu

Aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, da iyali da sauran 'yan'uwa da ke can Fatakwal. Mu nan Kano sai godiya.

Saƙonka ya iso, na ga kun haɗa kuɗi kuna so ku saya wa yaran unguwa marasa galihu fom ɗin JAMB. Allah ya saka da alheri. Tunda shawara ka nema, ga tawa: kada kuɗin ya ƙare a fom. Ku rage yawan yaran, ku riƙe waɗanda kuka ɗauka har su haye shekarar farko lafiya, don a nan ɗan talaka ya fi zamewa.

Tun kafin jarrabawa ake fara asara. Ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma dole suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a NIN da WAEC ko NECO. Yaro Muhammad a nan, Mamman a can, sai an zo tantancewa magana ta lalace. A yi rajista da layin wayar yaron, kada a yarda da layin mai shagon kwamfuta. Darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole, sauran ukun su dace da kos ɗin da yake nema. Sannan kiredit biyar har da Turanci, da Lissafi a kos ɗin da ke buƙatarsa, a zama ɗaya ko biyu, a tabbata an ɗora sakamakon a CAPS, wato shafin JAMB na bayar da gurbin karatu. Yara da yawa sun ci maki mai kyau, aka rasa sunansu saboda wannan ɗorawar kawai. Idan gurbi ya fito kuma, sai yaro ya shiga da kansa ya danna ya karɓa.

A jami'o'in tarayya kashi 45 na gurabe na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, Kano kuma tana ciki. To amma kowa likitanci ko lauya yake so a BUK. Ku sa malami ya zauna da kowane yaro ya duba makinsa ya gaya masa gaskiya. Akwai jami'ar Wudil, akwai IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, a kwalejin CAS, akwai NCE a Sa'adatu Rimi, biyun nan na ƙarshe ana shiga aji biyu na jami'a da su in sakamako ya yi kyau.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe ido. Tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND, babu ruwa a ciki. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, wanda ya nemi kuɗin ɗawainiya ana ba shi naira 20,000 a wata, biya kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ana buƙatar NIN, BVN, lambar JAMB da lambar ɗalibi, kuma sai makaranta ta tura bayanansa tukuna. Sabon ɗalibi kan faɗa a tsakani: lokacin rajista ya zo, kuɗin bai sauka ba. Wannan giɓin ku cike shi da kuɗinku.

Sai kuɗin mota. Yaron da ke Kurna ko Gwammaja, darasinsa na ƙarfe takwas a sabuwar jami'ar BUK kan titin Gwarzo, hawa biyu zai yi zuwa, biyu dawowa, ga abin hawa ya yi tsada tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ranar da babu, ba zai gaya wa kowa ba, zai kwanta ne a soro ya ce yau babu lakca. Alhali ƙa'idar jami'o'i da yawa sai ka halarci kashi 75 na darasi kafin ka zauna jarrabawa, kuma gwajin cikin zango yana ɗauke da maki 30 ko 40 cikin ɗari. Wanda ya rasa gwaji ya riga ya shiga jarrabawa da ƙafa ɗaya. Ku ba su kuɗin mota mako-mako, ko ku nema musu gado a ɗakin kwanan ɗalibai tun ranar da aka buɗe. 'Yan mata su fi samun fifiko a gadon, don dawowa bayan magariba na cikin abin da ke sa iyaye su ce a haƙura da karatun.

Ka kuma koya musu lissafin CGPA, wato matsakaicin makin duk kosa-kosan da ɗalibi ya ɗauka, tun makon farko. Sakamakon A maki 5 ne, daga 70 zuwa sama, F sifili. Kos mai nauyi uku in aka faɗi, ukun nan suna cikin lissafi ba tare da ko maki ɗaya ba, ga shi za a sake ɗaukarsa badi a kan kayan badi. Irin wannan biyu ko uku a zangon farko na iya jan yaro zuwa ga gargaɗi, daga nan sallama. Galibi ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Yaron da ya fito daga makarantar gwamnati yana fama da Turancin malami da saurin rubutu, kuma kunya ta hana shi tambaya. Ku haɗa kowane sabo da ɗan aji uku na sashensu, ku riƙa ba shi ɗan ihsani, su zauna sau biyu a mako da tsofaffin takardun jarrabawa.

Idan rashin lafiya, rasuwa ko haihuwa ta gitta, kada ɗalibi ya ɓace kawai. Ya rubuta takardar neman jingine zango ta hannun shugaban sashe, ya riƙe kwafi mai hatimi. Wanda bai rubuta ba, F za a jera masa a kowane kos.

Ku naɗa mutum ɗaya a nan Kano da zai riƙa karɓar sakamakon kowane zango da hannunsa. Ka turo min adadin abin da kuka tara da yawan yaran, in taya ku raba shi gida uku: rajista, mota da abinci, da ajiyar ko-ta-kwana.

A gaida mai ɗakinka da yara.

Naka,
Sani