Hayaƙin juji ba siyasa ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni tela ne a Garin Malam, nan Damagaram. Bayan gidanmu akwai filin da aka mayar juji, kusan kowace yamma sai an cinna masa wuta: leda, tsofaffin tayoyi, matattun batura, duk tare suke ci. Tun shigowar hunturu autata ke tari, da dare har ƙirjinta ƙugi yake. Da damina kuma ruwan jujin tabki yake gangarawa, inda yara ke wanka, awaki na sha. Ledar nan fa doka ta hana ta tun 2014.

Mu magidanta 12 muka zauna bayan isha'i kan mu rubuta takardar koke. Da aka zo sa hannu, mu uku muka rage. Wani dattijo, shi ma jikansa na tarin, ya riƙe hannuna ya ce: "Ɗana, a bar kaza cikin gashinta. Yanzu duk wanda ya tara mutane sai a ce siyasa ce." Wallahi ban ga laifinsa ba. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kowa ya koyi auna bakinsa. Kuma tsofaffinmu sun ji a rediyo yadda gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a 1995, mutumin da ya tsaya kan man fetur da ya ɓata gonaki da ruwan yankin Ogoni na Najeriya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, dattin uraniyum da aka bari a Arlit bayan rufe COMINAK, kamfanin haƙar uraniyum da Faransawa ke jagoranta, a 2021 kowa na faɗinsa ba fargaba, don laifin baƙo ne. Hayaƙin da ke bayan katangarmu kuwa sai da raɗa.

Ko a Sin, inda ba a wasa da hukuma, a 2007 dubban mutanen Shiyamen sun fito kan wata masana'antar sinadarai, suka ce yawo kawai suke, daga baya aka kai aikin wani gari. Gwamnatin ba ta faɗi ba.

Mu ba kujerar kowa muke nema ba. A kwashe jujin, a daina ƙona shi kusa da gidaje, kuma mahukunta su fito su ce wanda ya kawo irin wannan koke ba za a taɓa shi ba. Takardar na nan a shagona da hannu uku, ranar Litinin zan kai ta in sha Allah.

Wani tela,
Garin Malam, Damagaram